Ɗawisun da Ya Ɗauka Shi Zakara Ne

Da wuya sati ya wuce ba a yi mini sallama a ƙofar gida ba, in leƙa in ga saurayi ko budurwa da waya a hannu. An ga hoton ɗawisu ya baza jela, an ji yadda masu kuɗi ke rububinsa, shi ne aka zo a koyi kiwo kafin la'asar. Tambayar kuma ba ta canzawa: "Mama, ai kamar kaza ne, ko? A watsa masa dawa, a ajiye masa ruwa?" Nakan ce su shigo, in miƙa musu tsintsiya, in nuna musu wurin agwagi. Wanda ya share bai toshe hanci ba, shi nake shimfiɗa wa tabarma. Sunana Uwani, a Hayin Banki cikin Kaduna nake tun ranar da aka kawo ni gidan miji, kuma cikin kaji da zabi da agwagi na yi furfura. Ɗawisu daga baya ya shigo rayuwata, ya kuma fi su duka sa ni magana ni kaɗai kamar taɓaɓɓiya.

Ƙwai biyu na fara da su, a naɗe cikin tsohuwar hula. Wanda ya ba ni su Baba Yohanna ne, wani dattijo mutumin kudancin Kaduna da ke zaune a ƙarshen layinmu. Da ƙuruciyarsa ya yi aikin lambu a gidan wani babban ma'aikaci can wajen Malali, da maigidan ya tashi barin gari sai ya bar masa ɗawisun gidan, mace da namiji. Tun daga lokacin Baba yake riƙe da irin, uwa ta haifi 'ya, 'ya ta haifi jika, bai taɓa bari ya yanke ba. Dusa ce ta haɗa mu, wurin mai injin niƙa ɗaya muke saye. Ya lura ni ba na karɓar dusa sai na sansana, na murza a tafin hannu, sai wata rana ya ce, "'Yata, ke kin san abincin tsuntsu. Kina da kazar da ta yi kwanci?" Na ce ina da ita. Ya ce to in zo da yamma, amma in zo da kunnuwana, kada in zo da bakina.

Sa ƙwan ɗawisu a ƙarƙashin kaza shi ne karatuna na farko, kuma ban iya shi a zama ɗaya ba. Ƙwan ɗawisu ya fi na kaza daɗewa da kamar mako guda kafin ya fashe. In kika haɗa su rana ɗaya, kaza za ta ƙyanƙyashe nata, ta karkaɗe fiffike, ta tashi da 'ya'yanta, ta bar miki na ɗawisu ya huce. Don haka nasa ake fara sawa, sai bayan mako a tura mata nata guda biyu ko uku. Ba don kwaɗayin 'yan tsaki ake ƙara natan ba. Ɗan ɗawisu wawa ne a kwanakin farko, zai tsaya a kan abinci yunwa ta kashe shi in bai ga wani yana tsattsaga ba, 'yan tsakin kaza su ne malamansa. Sannan ƙwan ya yi wa kaza nauyi, ba ta iya juya shi da kyau, sai ki ɗiga masa gawayi a gefe ɗaya, safe da yamma ki sa hannu ki juya. Kaza mai kwanci kuwa ba ta san alheri ba. Bayan hannuna har yau akwai tabon wata baƙar kaza da na yi wa hidima kamar uwar miji.

Kayan aikina ba su da yawa, kuma babu na nunawa a waya. Akwai kaskon ruwa marar zurfi da nake zuba wa tsakuwa, saboda ɗan ɗawisu yana iya nutsewa a ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba. Akwai toka da yashi a tsohon baho, don wankan da ke kashe musu ƙuma. Akwai raga a saman keji saboda shirwa, da katako a can sama don kwana, tun da babban ɗawisu ba ya yarda jelarsa ta kwana a ƙasa. Sai tocila ta haska ƙwai, sai tukunyar gara. Ita tukunyar, tsohuwa ake samu a cusa mata busasshen kashin shanu da guntayen kara, a yayyafa ruwa, a kife ta inda gara ke fitowa. Washegari a ɗaga a tarar ta cika. Ɗan ɗawisun da ya samu gara da dafaffen ƙwai, za ki ga ƙafarsa ta yi ƙwari tun kafin tukkun kansa ya fito. Da filaye suka ƙare a unguwarmu, har Rigachikun nake aika tukwane wurin ƙanwar maigidana, a dawo mini da su a bayan mota ana tsaki.

Ɗaukar babban ɗawisu ma sana'a ce. Ƙafafu ake kamawa, a rungume fikafikan a hammata. Wanda ya kama jela, jelar zai tsaya da ita a hannu, mai ita ya haye rufin maƙwabta. In za a kai shi gidan wanda ya saya, buhu nake hudawa ta gindi in fito da jelar, in naɗe ta da tsohon zane kamar ana naɗe tabarma. Kuma duk wanda ya saya sai na ja masa kunne ya kulle tsuntsun ya daɗe, har ya san nan ne gidansu. Wani Alhaji mai gidan biki bai ji ba, ya sake nasa ranar da ya kai shi don baƙi su gani, da magariba aka hango shi a kan tankin ruwan wata makaranta. Wani kuma ya dawo mini da nasa yana huci, wai ya lalata masa sabuwar mota. Baƙar mota ce mai sheƙi, ɗawisu ya ga kansa a jikin ƙofa, ya ɗauka wani ƙato ne ya shigo masa gida, ya wuni yana dambe da shi. Na ce, "Alhaji, ai gadi ya yi maka. Ka rufa wa motar tampol." Ya yi dariya, ya koma da abinsa.

Masu sayen gashi sun fi masu sayen tsuntsu yawa. Idan damina ta ja baya namiji yakan zubar da jelarsa gaba ɗaya, kullum da safe in bi in tsince, in ɗaure dami-dami. Masu kwalliyar amare suna zuwa, teloli suna zuwa. Amma babban mai karɓar gashi a wurina ba ya biya, shi ne Alaramma Idi, wanda katanga ɗaya ta raba gidanmu da makarantarsa. Kukan ɗawisu ba daɗi gare shi ba, kamar ana yanka mage ne a cikin lasifika, kuma sai Alaramma ya fara biya wa ɗalibai karatu namijin yake tashi da nasa. Sau da yawa yakan turo a gaya wa maigidana cewa tsuntsun nan ya hana shi jin inda aka yi kuskure. Ni kuma duk shekara in zaɓi gashin da idonsa ya fi kyau in aika masa, ya sa a cikin Alƙur'aninsa yana alamar inda ya tsaya. Da haka muka zauna lafiya, yana ƙorafi yana karɓa.

Shekarar da annobar kaji ta shigo unguwarmu, lokacin sanyi ne. Daga gidan wa ta fara, ban sani ba, kuma ban nemi sani ba. Kaza za ta kwana lafiya, da safe ki gan ta ta saki fikafikai, wuya ya murɗe, kashi kore. Mun yi allurar da likitan dabbobi ya ce, mun zuba toka, mun hana baƙi shiga wurin keji, abin bai tsaya ba sai da ya ga dama. Maigidana ya haƙa rami a bayan gida, muna zubawa muna rufewa. 'Yan talo-talon da nake da su suka tafi, zabi suka tafi, ɗawisuna manya da ƙanana suka bi su. Na yi kuka ranar da na ɗauki babban namijin, jelarsa tana jan ƙasa a bayana. Da ƙura ta lafa, abin da ya rage mini agwagi ne, waɗanda ba abin da ke kashe su sai wuƙa, da kaji 'yan kaɗan, da ɗawisu namiji guda ɗaya da muke kira Mai Unguwa.

A gidan Baba Yohanna ma haka aka yi. Mace ɗaya ta rage masa, wata mai taƙama da yake kira Madam. Ga shi idanunsa sun fara tafiya, sai ya dafa bango yake zuwa keji. Ɗansa Bulus malamin makaranta ne, kuma a shekarar aka mayar da shi aiki can garinsu, aka ce ya kama aiki da zarar an koma makaranta bayan hutun ƙarshen damina. Matar Baba ta riga ta rasu, babu yadda Bulus zai tafi ya bar tsoho shi kaɗai yana lalube. Baba kuwa ya kafe.

"Yaya Uwani, ki yi masa magana," in ji Bulus, ranar da ya same ni ina wanke kasko. "Ya ce ba zai shiga mota ba."

Na bi shi gidan. Baba yana zaune a kujerarsa ta katako, Madam tana tsince gero a gindin ƙafarsa.

"Baba, me ya yi zafi?"

"'Yata, tun ina da ƙarfina aka damƙa mini tsuntsayen nan," ya ce. "Ban yarda a ce a hannuna suka ƙare ba. In na tafi da ita ƙauye, wa zai ba ta miji? Ta tsufa ta mutu ita kaɗai, shi ke nan an rufe. Ki ɗauke ta ki kai wa naki. Ranar da na riƙe ɗanta a hannuna, ranar zan tafi. Kafin nan ko gwamna ya aiko ba na motsi."

Bulus ya dube ni, na dube shi. A lokacin babu mai ba ka aron tsuntsu, duk wanda nasa ya tsira ya garƙame ƙofa, sayen babban namiji kuma ya fi ƙarfinmu. Mai Unguwa ne kaɗai, kuma shi ma jinin na Baba ne. Na ce to, na naɗo Madam a zane na taho da ita. Abin da ban gaya wa Baba ba a ranar, don ni ma ban ɗauke shi da nauyi ba, shi ne irin tashin da Mai Unguwa ya yi.

Ƙa'idar da Baba ya koya mini ita ce, da zarar tukku ya fito wa 'yan ɗawisun da kaza ta ƙyanƙyashe, a mayar da su cikin danginsu. Mai Unguwa shi kaɗai ya fito a zubinsa, da na kai shi kejin manya sai babban namijin ya bi shi da sara har ya fasa masa kai. Na dawo da shi wajen kaji don ya warke, ya warke ya ƙi komawa. A cikin kaji ya girma, da su yake kiwo, da su yake wankan toka. Da jelarsa ta cika sai ya fara baza ta, amma kaji yake baza wa. Cikinsu ma akwai wadda ya fi so, wata jar kaza mai gajerun ƙafafu da muke ce wa Durgu. Zai sha gabanta, ya buɗe jelar nan mai ɗaukar ido, ya karkaɗa ta tana shuu kamar ana sheƙe gero, ita kuwa Durgu ta zagaye shi ta ci gaba da tonon ƙasa. Da can abin dariya ne a gidanmu, har baƙi nake kira su gani.

Na haɗa shi da Madam a keji ɗaya, na zauna a kan turmi ina jiran biki. Ya dube ta sau ɗaya kamar an kawo masa mai karɓar haraji, ya juya ya tafi jikin wayar keji yana leƙen kaji. Madam ta gyara tsayuwa, ta zagaya ta gabansa, ta dawo ta bayansa. Ko a jikinsa. Da Durgu ta gifta ta waje, nan take jela ta tashi. Haka muka yi ta yi har ruwa ya sauka sosai. Madam ta yi ƙwai na farko, na kwashe na sa wa wata kaza, bayan 'yan kwanaki na shiga ɗaki da rana na rufe taga na haska su da tocila. Ƙwan da ke da rai za ki ga jijiyoyi ja sun bazu a ciki kamar saƙar gizo-gizo. Waɗannan fes suke, haske yana wucewa ta cikinsu.

Na je na gaya wa Baba gaskiya. Ya fashe da dariya har da tari.

"Wato sirikin nawa kaza yake so?"

"Kaza, Baba. Gajeruwa ma."

"To ki kwashe kajin daga idonsa."

Na kwashe su kaf na kai bayan ɗakin girki, na kare da buhuna. Mai Unguwa ya daina cin abinci. Ya hau katako ya zauna ya yi ta kuka tun safe har yamma, Alaramma ya turo cewa in ba a yi wa tsuntsun nan magani ba shi zai tashi da makaranta. Da ya sauko kuwa sai ya baza wa butar alwalar maigidana jela, saboda ja ce. Maigidana ya ce, "Uwani, wannan ba miji ba ne, ki nemi wani." Na ce ya nuna mini inda ake rabawa.

Dabarar da ta yi aiki, a wurin shanya ta faɗo mini. Na lura namiji ba ya bin mace, tsayawa yake ya baza, ita ce take zuwa gabansa in ta ga dama. Mai Unguwa yana bazawa, Madam tana so, abin da ya rage kawai su tsaya a wuri ɗaya. Sai na ɗauko Durgu na kife ta da kwando mai manyan idanu a tsakiyar kejin, na zuba garar tukunya a gaban kwandon, daidai inda Madam za ta tsaya ta ci. Mai Unguwa ya ga masoyiyarsa, ya diro, ya baza jela yana rawa. Tsakaninsa da kwando kuwa ga Madam. Kullum da safe haka nake yi, Durgu tana zagina daga cikin kwando, ni ina ba ta haƙuri da gero. Sannu a hankali na fara rufa wa kwandon tsumma ta gefe ɗaya, sannan ta gefe biyu, har ya zama muryarta kawai yake ji. Ban ga komai da idona ba, domin da na tsaya kallo sai Madam ta bar wurin, ita ba ta son 'yan kallo.

Wata safiya ina shara sai na ji muryar Alaramma ta bayan katanga.

"Maman yara, kina kusa?"

"Ina ji, Alaramma. Ya sake damun ku ko?"

"Damu kam kullum ne. Amma jiya da hantsi ya yi wani kuka da ban taɓa ji ya yi ba. Ni na haddace kukan tsuntsun nan kaf, wannan ba ya ciki. Gajere ne, kamar an busa ƙaho, sai kuma na ji gudu."

Na jefar da tsintsiya. Wannan kukan namiji ba ya yin sa sai lokacin da ya nufi mace da gaske. Na ce, "Alaramma, Allah ya saka da alheri, bana gashi biyu za ka samu." Ya ce shi dai a rage masa surutu.

Ba a daɗe ba Madam ta ɓace daga wurin cin abinci. Na same ta a lungun keji, bayan wasu tsofaffin kwanonin rufi da muka jingine, ta tona ƙasa ta kwanta a kan ƙwai. A satin nan kuma Mai Unguwa ya fara zubar da jela, wato shekara ta rufe, babu wani zubin sai wata daminar. Sai ga Durgu ita ma ta yi kwanci, kuma duk gidan babu kazar da ta kai ta riƙon ƙwai. Macen ɗawisu ba abin dogaro ba ce, ƙaramin abu zai firgita ta ta tashi ta bar ƙwai. Hankalina duk ya tafi kan in kwashe in ba Durgu. Na je na gaya wa Baba.

"A'a," ya ce.

"Baba, ko rabi ne in raba. In wannan ta tashi, ga wancan."

"Na san Madam. Hannu ya taɓa wurin nan sau ɗaya, ba za ta koma ba. Kuma ki ba kaza, ta fito mana da wani Mai Unguwan? Wa zai zauna yana kife kaza da kwando bayan ke? Bar su da uwarsu, su buɗe ido su ga irinsu."

Bulus yana tsaye a bakin ƙofa, ya riga ya fara ɗaure littattafansa a kwali. Ya ce, "Baba, in kuma babu komai a cikin ƙwan fa?" Baba ya ce, "To sai ka je ka gaishe su a gida." Na fito na koma gida. Ban isa in haska ƙwan ba, ban isa in taɓa ba, kuma aikin yaron nan da zaman tsohon nan duk suna ƙarƙashin cikin tsuntsuwa ɗaya mai taurin kai.

Gadin mai kwanci aiki ne na wanda ba ya gajiya da zama. Na mayar da Mai Unguwa wajen kajinsa, ya tafi da murna da guntuwar jelarsa. Na toshe duk ramin da gafiya za ta bi, na ɗaure ragar sama saboda muzurun unguwa, na hana kowa daka a kusa. Abinci da ruwa a nesa nake ajiyewa in juya baya, kamar ban san da ita ba. Sai wata la'asar hadari ya haɗo ta gabas, aka saki ruwa irin na tsakiyar damina. Kwatar gidanmu ta cika, na ga ruwa ya juyo ya nufi lungun da take. Na ɗauki fartanya na fita haka nan. Ba na iya shiga kejin, sai na bi ta waje ina haƙa wa ruwan hanya a jikin waya, ina tara ƙasar ta gefenta. Maigidana ya fito da shebur yana cewa shi bai taɓa ganin matar da ke yi wa tsuntsu gini a cikin ruwa ba, yana faɗa yana haƙa. Ta tsakanin kwanonin ina hango Madam, ruwa yana ɗiga a bayanta, ta lafe ta miƙe wuya a ƙasa, ido a buɗe. Ba ta tashi ba. Ranar na ji ina ƙaunar tsuntsuwar nan har cikin raina, duk da taƙamarta.

Makarantu suna gab da komawa, Bulus ya zo sau biyu, ya tsaya ya kalli kwanonin ya tafi. Ni kaina na fara lissafin yadda zan roƙi Baba ya haƙura. Ran wata Lahadi da hantsi na kai ruwa, sai na ga wurin kwanciyar babu kowa, ɓawon ƙwai a warwatse, guda ɗaya baragurbi a gefe. Na ajiye ruwan. Ina juyawa sai ga Madam ta fito daga bayan bahon toka, tana tafiya a hankali tana wani ƙaramin kira, abubuwa uku masu ruwan ƙasa suna tuntuɓe a tsakanin ƙafafunta.

Ban ko canza zane ba na nufi gidan Baba. Na tarar sun dawo daga coci, Baba bai cire hularsa ba. Muka riƙo shi ni da Bulus, ɗaya dama ɗaya hagu, muka bi layi a hankali har cikin gidanmu. Madam tana ganin mutane ta kumbura, ta tattara 'ya'yan a ƙarƙashinta. Baba ya ce mu sake shi. Ya durƙusa a bakin keji, ya yi mata wata 'yar ƙara da harshe, irin wadda yake kiranta da ita. Ta miƙa wuya ta saurara, ta sassauta. Na lallaɓa na zaro ɗaya na sa masa a tafin hannu.

"Ku dakata in duba," ya ce. "Kada ku haɗa baki ku sa wa makaho ɗan kaza a hannu don ku rabu da shi."

Ya shafa kan da babban yatsa, ya bi dogayen ƙafafun, sannan ya buɗe ɗan fiffiken a hankali. Ɗan kaza da laushin gashi kawai yake fitowa, ɗan ɗawisu kuwa da gashin fiffike mai ƙarfi yake fasa ƙwai. Na ga yatsansa ya tsaya a kan gashin, yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe a haka, ɗan tsuntsun yana ta ƙara a hannunsa.

"Su nawa ne, 'yata?"

"Uku, Baba."

"Madam ta zauna a nan ta raine su. Ta zama taki."

Ya miƙo mini ɗan da hannu biyu, na mayar wa uwar. Ya dafa gwiwa ya miƙe da kansa, ya karkaɗe wandonsa, ya juya inda yake jin numfashin ɗansa.

"Bulus," ya ce, "je ka nemo motar."